Yadda Ake Shirya Ajin Tarihin Ceto da Hallaka a Majami'ar Ƙauye

Duk mai bishara ko malamin makarantar Lahadi da ke aiki a ƙauyukan Sumaila, Rano, Tudun Wada, Rogo ko Roni ya san babu abin da ke ta da aji tsaye kamar zancen lahira. Wa zai tsira, wa zai hallaka, me ake yi wa mutum a Gidan Wuta, kakanninmu kuma suna ina. Dalilin da ya sa amsoshin suke rikicewa shi ne abu uku ne suka cakuɗe a kan mutane: abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa da kansa, abin da malaman ikkilisiya da majalisunta suka yanke daga baya, da abin da mawaƙa da masu labari suka ƙaga don su tsoratar ko su ƙarfafa zuciya. Gero da dawa da wake ne a buhu ɗaya, aikin malami shi ne tsincewa. A ƙasarmu ma akwai na huɗu, domin yaron da ya tashi a nan ya ji zancen Siraɗi da mizani da Walakiri tun bai san harafi ba. Waɗannan na koyarwar Musulunci ne da waƙoƙin wa'azi, kuma mutunta addinan biyu shi ne a bar wa kowa nasa, kada a sa a bakin Bulus abin da bai faɗa ba.

Ga yadda ake shirya ajin mako bakwai a kan wannan, na manya, maza da mata.

Lokaci da kayan aiki

Ka fara bayan an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, wato daga Janairu zuwa kafin Ista. Da damina ba za ka sami mutane ba, wanda ya zo ma gyangyaɗi zai yi. Ka kauce wa ranar kasuwar yankinku, da maraicen da zumuntar mata suke taro. Sa'a ɗaya da kwata ta isa zama ɗaya: minti 10 na waƙa da addu'a, 20 na karanta nassi, 25 na tarihi ko labari, 15 na tambayoyi, 5 na haddar aya. Kada ajin ya wuce mutum ashirin. In ya wuce, dattawa biyu ko uku ne za su mallake maganar, mata su yi shiru har a tashi.

Kana bukatar allo babba da alli mai launi uku. Ka raba allon gida uku da layi daga sama har ƙasa, ka rubuta Nassi da fari, Malamai da shuɗi, Mawaƙa da ja, kuma kada ka sauya launin har ajin ya ƙare, domin waɗanda ba su karatun boko da launin za su riƙa gane inda magana ta faɗa. Sai igiya mita 11, da matsen shanya kamar 20, da kwali da aka yayyanka girman tafin hannu. Ka ɗaure igiyar a jikin bango, kowace mita ɗaya shekara 200 ce daga haihuwar Almasihu. Duk malami ko mawaƙin da aka ambata, ka rubuta sunansa a kwali ka rataya a shekararsa: malami Agustin zai faɗo kaɗan bayan mita 2, mawaƙi Dante wajen mita 6 da rabi, Martin Luta bayan mita 7 da rabi, Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 kuwa daf da mita 10. Tsakanin mita 7 da rabi da 8 da rabi kwalaye za su yi cunkoso, don haka ka yanka na wurin ƙanana. Amfanin igiyar shi ne mutum ya ga da idonsa cewa tsakanin manzanni da Dante akwai taku bakwai ko takwas, ba maƙwabta ba ne.

Littafi Mai Tsarki a samu akalla guda biyar. In wasu na riƙe da tsohon juyi na 1932 wasu da sabo, ka sanar da aji tun farko cewa sunayen littattafai sun bambanta, Yohanna da Yahaya ɗaya ne, Ru'ya ta Yohanna ita ce Wahayin Yahaya. In ba haka ba rabin lokacinka zai tafi a neman shafi.

Mako na ɗaya da na biyu: nassi kaɗai

Kada ka ambaci sunan malami ko mawaƙi ko ɗaya a waɗannan makonni. Ka raba ajin kashi huɗu, kowane kashi da mai iya karatu ɗaya, ka ba su ayoyi a kwali, su karanta su dawo su faɗi abin da suka gani, ba abin da suka taɓa ji ba.

A kan hallaka, kashi na farko su ɗauki Farawa 37:35, inda Yakubu yake cewa zai gangara wurin matattu yana makokin Yusufu. Za su lura cewa a yawancin Tsohon Alkawari wurin matattu na kowa ne, nagari da mugu, kuma sai a Daniyel 12:2 aka fito fili da tashin waɗansu zuwa rai madawwami, waɗansu zuwa kunya. Kashi na biyu su bi Kwarin Hinnom, wanda daga gare shi sunan Jahannama na bakin Yesu ya fito: kwari ne na gaske a kudancin Urushalima inda aka ƙona 'ya'ya hadaya ga gumaka, Irmiya 7:31 da 2 Sarakuna 23:10. Akwai maganar da masu wa'azi suke so, wai juji ne da wuta ba ta mutuwa a cikinsa a zamanin Yesu. Wannan bayani daga wani malamin Yahudawa na wajen shekara ta 1200 ya fito, ba daga nassi ba, saboda haka in ta taso ka rubuta ta da shuɗi. Kashi na uku su karanta mai arziki da Li'azaru a Luka 16:19-31 da tumaki da awaki a Matiyu 25:31-46. Na huɗu, tafkin wuta a Wahayin Yahaya 20:11-15.

Idan sun dawo, ka tambaye su abu ɗaya: an ce wuta, an kuma ce baƙin duhu a Matiyu 8:12, an ce tsutsa a Markus 9:48. Wuta da duhu a wuri ɗaya? Bar su su yi ta juyawa. Kalbin kansa, babban malamin Furotesta na ƙarni na sha shida, wanda babu mai zarginsa da sassauci, ya ɗauki waɗannan a matsayin kamance na abin da harshe ba ya iya bayyanawa, wato rabuwa da Allah. Abin da za su kuma gano shi ne nassi bai lissafa benaye ko ɗakuna a Gidan Wuta ba, bai ce Shaiɗan ne sarkin wurin ba. A Wahayin Yahaya 20:10 jefa shi aka yi a ciki.

A mako na biyu haka za ka yi da ceto. Nassi ya kwatanta shi ta hanyoyi da dama: fansar bawa a Markus 10:45, kuɓutarwa a gaban shari'a a Romawa 3:21-26, sulhu a 2 Korantiyawa 5:18-19, sabuwar haihuwa a Yahaya 3, da cin nasara a kan ikoki a Kolosiyawa 2:15. Ka daɗe a kan ta ƙarshen. Wanda gidansu ya fito daga tsafi da bori, damuwarsa ta farko sau da yawa ba alkali ba ce, iskoki ne da abin da za su yi masa in ya daina yanka. Malaman ƙarnonin farko ma ta wannan fuska suka fi kallon gicciye, kwace bayi daga hannun Iblis. Anselm na Kantabari ne a 1098 ya juya maganar zuwa bashin girmamawa da ɗan Adam ya ci na Allah, wanda ba mai iya biya sai wanda yake Allah kuma mutum.

Mako na uku: Agustin da Felajiyus

Ka buɗe da karin maganar da kowa ya sani: Allah ya ce tashi in taimake ka. Tambayi aji a wace sura take. Za a sami masu rantsuwa cewa tana cikin Karin Magana. Ba ta ciki. A gona gaskiya ce, amma a zancen ceto ita ce ainihin gardamar da ta raba malamai shekara ɗari da wani abu.

Felajiyus mutumin Birtaniya ne da ya zauna a Roma, ya ga Kirista sun yi sakaci, ya ce in Allah ya ba da umarni to mutum na da ikon cikawa, zunubin Adamu kuma mugun misali ne kawai, ba gado ba. Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya zama bishop na Hippo har rasuwarsa a 430. Ya ce a'a, an haife mu da zuciya karkatacciya, ko son tuba ma kyautar Allah ce. Majalisar Kartaj ta 418 ta ƙi koyarwar Felajiyus. Daga baya wasu suka nemi tsakiya, suka ce mutum ne yake fara taku ɗaya sai alheri ya tare shi. Majalisar Oranj ta 529 ta ƙi wannan ma, ta ce alheri ne yake fara tayar da mutum, amma ta kuma ƙi cewa Allah ya ƙaddara wani ga mugunta.

Abin da ke lalacewa a nan shi ne malami ya mai da Felajiyus mugu. Ba mashayi ba ne, mai tsananin kamun kai ne, kuma rabin ajinka a zuciyarsu tare da shi suke. Ka faɗi hujjarsa da ƙarfinta kafin ka kawo amsar Agustin, in ba haka ba za su gyaɗa kai su tafi gida da ra'ayinsu.

A ƙarshen zaman ka rataya kwalin Orijen na Iskandariya, wanda ya rasu wajen 254. Shi ya yi begen cewa a ƙarshe dukan halitta za ta komo ga Allah, aka la'anci wannan koyarwa a ƙarni na shida zamanin sarki Jastiniyan. Ka nuna wa aji cewa ra'ayi uku ne suka yi ta yawo a tarihi: azaba marar ƙarewa, wadda ita ce ta rinjaye; ƙarewar mugaye ƙurmus, wadda 'yan Adbentis suke riƙe da ita; da ceton kowa. Byang Kato na ECWA, mutumin Kwoi, littafinsa na 1975 yaƙi ne da ra'ayi na ukun. Kafin ka shiga aji ka duba abin da ikkilisiyarka ta rubuta a ƙa'idodin bangaskiyarta, ka faɗe shi a sarari da sunanta.

Mako na huɗu: Dante

Nan ne jan alli zai yi aiki. Tun kafin Dante akwai rubuce-rubuce da aka jingina wa Bitrus da Bulus, na ƙarni na biyu da na huɗu, masu zagaya da mai karatu cikin wuta suna nuna masa masu saɓo rataye ta harshe. Ikkilisiya ba ta karɓe su cikin Littafi Mai Tsarki ba, amma hotunansu sun shiga wa'azi sun zauna.

Dante mutumin Filorens ne a Italiya, an kore shi daga garinsu a 1302 saboda siyasa, ya mutu a 1321 bai koma ba. Littafinsa Divina Commedia, labarin tafiyarsa cikin lahira, waƙa 100 ce: 34 a Wuta, 33 a wurin tsarkakewa, 33 a Sama. Ba karantawa za ka yi ba, ba da labari za ka yi da Hausa. Ka zana mazurari a allo mai da'ira tara, faɗi a sama, tsukakke a ƙasa. Sama-sama masu zunubin rashin kamun kai ne, sha'awa da haɗama da rowa da fushi. Tsakiya masu ta'adi. Ƙasa masu zamba, can ƙarshe maciya amana. Ka zaɓi wurare uku kawai. Masu duba da ke waƙa ta 20, an murɗe kawunansu suna kallon baya, hawayensu na zuba a gadon bayansu, domin sun so ganin gaba. Fafaroma Nikolas na uku a waƙa ta 19, an dasa shi kai a ƙasa cikin rami saboda sayar da muƙaman ikkilisiya, tafin ƙafafunsa na cin wuta. Sai ƙasan ƙasa, wanda ba wuta ba ne, ƙanƙara ce, Shaiɗan a daskare har ƙirji yana tauna Yahuza da mutum biyu da suka ci amanar Kaisar. Bayan kowanne ka tambaya, a wane gida na allo za mu sa wannan? Ka bar su su nemi ayar su rasa.

Ka kuma sa su lura da tsarin: a wurin Dante mazambaci ya fi mazinaci zurfi a wuta. Majami'unmu sukan dakatar da yarinyar da ta yi ciki, su bar wanda ya cinye kuɗin gini a kujerar gaba. Ba nassi ba ne jerin Dante, amma tambayar da yake tayarwa ta cancanci minti goma.

Gargaɗi mai nauyi: waƙa ta 28 ta ɓangaren Wuta tana ɗauke da ɓatanci ga Annabin Musulunci. Kada ka karanta ta, kada ka buga ta a takarda, kada ka tura wa 'yan aji littafin gaba ɗaya ta WhatsApp, kada ka bar kwafi mai hotuna a majami'a. Ƙiyayyar Turai ce ta zamanin yaƙe-yaƙen gicciye, ba ta ƙara wa darasinka komai, kuma kowa ya san abin da irin wannan ke jawowa a ƙasar nan.

A kan wurin tsarkakewa, kuskuren da aka fi yi shi ne a ce Katolika na koyar da cewa akwai zarafi na biyu bayan mutuwa. Ba haka suke cewa ba. A wurinsu duk wanda ya shiga can ya riga ya tsira, wanke shi ake yi. Majalisar Liyon ta 1274 da ta Filorens ta 1439 suka tsara koyarwar, suna dogara da 2 Makabi 12, wanda babu shi a Littafin Furotesta, da 1 Korantiyawa 3:11-15. Furotesta sun ƙi ta. Ka faɗi duka biyun yadda masu su za su yarda cewa ba ka yi musu ƙarya ba.

Mako na biyar: Luta da abin da ya biyo baya

A 1517 wani mai wa'azi, Tetzel, yana yawo a Jamus yana sayar da takardun sassauta horo, ana cewa kuɗin na ginin majami'ar Bitrus a Roma ne, mutane na saya don iyayensu da suka mutu. Ranar 31 ga Oktoba Martin Luta ya fitar da batutuwa 95 a Witinbag. Tushen maganarsa Romawa 1:17 ne: Allah yana kuɓutar da mai zunubi ta bangaskiya, kyauta. Majalisar Tirent ta Katolika ta amsa a 1547, kuma hukuncinta na farko ya la'anci duk mai cewa mutum zai kuɓuta da aikinsa ba tare da alheri ba. Bambancin da ya rage shi ne ko kuɓutarwa hukunci ne da aka yanke a kan mutum, ko canji ne da ke girma a cikinsa har ayyukansa su shiga lissafi. A 1567 Fafaroma ya hana haɗa waɗannan takardu da kuɗi, a 1999 kuma Katolika da 'yan Luta suka sa hannu a Ogsbag kan cewa ta alheri kaɗai ake samun ceto.

Ka raba ajin biyu, ɓangare ɗaya Afisawa 2:8-10, ɗaya Yakubu 2:14-26, kowa ya kare nasa minti biyar, sannan su yi musanya. Ka tabbata masu Afisawa sun karanta har aya ta 10. Yawanci a ta 9 ake tsayawa, ita ta 10 kuwa ita ce gadar.

Zancen zaɓe da ƙaddara ka ba shi kwata ɗin sa'a, kada ya wuce. Kalbin ya koyar da cewa Allah ya zaɓi waɗanda zai ceta tun fil'azal, almajiran Arminiyus, wani malamin Holan, suka ce Almasihu ya mutu domin kowa kuma mutum na iya ƙin alheri, majalisar Dot a Holan ta goyi bayan Kalbin a 1619, Wesli da Metodis suka bi ɗaya hanyar. Romawa 9 a hannu ɗaya, 1 Timoti 2:4 a ɗaya. Haɗarin shi ne akwai mai raunin zuciya a kowane aji da zai tafi gida yana cewa ni dai ba a zaɓe ni ba. Ka rufe da Yahaya 6:37.

Mako na shida: wasa biyu da rabin aya

Wannan makon ya fi kowanne shiga zuciya, ka ba matasa mako biyu su yi gwaji.

Wasa na farko daga Everyman ne, wasan Ingila na wajen 1500. Allah ya aiki Mutuwa ta kira wani mutum, sunansa Kowa, ya zo da littafin lissafinsa. Aboki ya ce zai raka shi ko'ina, da ya ji inda za a sai ya zame. Dangi suka zame, ɗaya ya ce yatsan ƙafarsa ne ke ciwo. Dukiya ta yi masa dariya. Aikin Kirki na kwance ba ta iya tashi saboda nauyin zunubinsa, sai 'yar'uwarta Sani ta kai shi wurin Furci, ya tuba, ta miƙe. A bakin kabari Kyau da Ƙarfi da Hankali suka juya, Aikin Kirki kaɗai ta shiga da shi. Mutum goma sha biyu sun isa, minti 25. Muryar Allah ta fito daga bayan zana, kada kowa ya fito a siffarsa. Mutuwa kuma kada a yi mata shigar dodo, yara za su fashe da kuka manya da dariya. Farin zane da sanda sun wadatar.

Na biyu daga Pilgrim's Progress na John Banyan, 1678. Mai gyaran tukwane ne da ya yi shekara 12 a kurkukun Bedfod saboda wa'azi ba da izini ba. Ku ɗauki wuri uku: Kirista ya bar garinsu da kaya a baya ya faɗa cikin taɓon fid da zuciya, ya iso gicciye kayan ya kwance da kansa ya gangara cikin kabari, aka ba shi takarda mai hatimi, sai ƙofar Birni, inda wani mai suna Jahilci ya iso bayan an haye da shi kogi a kwalekwale, aka tambaye shi takarda ya lalube ƙirji babu, aka ɗaure shi aka tafi da shi. A cika buhun da ƙaiƙayi, ba duwatsu ba, a ɗaure da zarge yadda jan igiya ɗaya daga baya zai sake shi. Ku gwada ɗaurin sau da yawa, domin in buhun ya maƙale a gaban gicciye wasan ya zama abin dariya.

Bayan wasannin tambaya ɗaya ce: Kowa da me ya shiga, Kirista da me ya shiga? Ɗaya da ayyukansa bayan tuba da furci, ɗaya da takardar da aka ba shi kyauta. Tsakanin labaran biyu Luta ya faru, kuma aji zai gane mako na biyar a nan fiye da yadda ya gane shi a allo.

In lokaci ya rage, ka ba da labarin Doctor Faustus na Marlo, wanda aka buga a 1604. Faustus masani ne da ya sayar da ransa ga Iblis don shekara 24 na iko, ya sa hannu da jininsa. Mutanenmu ba baƙi ba ne ga labarin kuɗin tsafi, za su kama shi nan take. Amma abin nunawa yana farkon wasan: ya buɗe Littafi ya karanta rabin Romawa 6:23, cewa sakamakon zunubi mutuwa ne, ya karanta 1 Yahaya 1:8, ya rufe ya ce ai ba mafita. Ka sa aji su buɗe su ƙarasa masa ayar, su karanta ta 9 da ya tsallake. Har daren ƙarshe ana kiransa ya tuba, shi ne ya yanke cewa ya makara. Mawaƙin Ingila Milton da littafinsa Paradise Lost na 1667 ambato ya ishe su: yawancin abin da mutane ke faɗa game da jawaban Shaiɗan da majalisarsa a wuta daga can ne, nassin da ke ƙarƙashi ɗan kaɗan ne, Wahayin Yahaya 12:7-9, Ishaya 14 kuwa da sarkin Babila take magana.

Kafin a tashi ka yi gwaji: ka faɗi magana goma ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗaga fari, shuɗi ko jan kwali. In fiye da mutum biyar sun ɗaga fari a kan da'ira tara, ka maimaita mako na ɗaya a taƙaice.

Mako na bakwai: kakanni, jarirai, maƙwabta

Ka ajiye wannan har ƙarshe ko da sun matsa tun ranar farko. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga masarautu, sai a shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta samu ƙofa sosai a ƙasar Kano, ta hanyar aikin kutare da magani. Ma'ana, dattijon da ke zaune a gabanka, kakansa ko ma mahaifinsa ya mutu bai taɓa jin bishara ba. Ba tambayar makaranta yake yi ba.

Ka shimfiɗa ayoyin duka, masu tsanani da masu sauƙi: Ayyukan Manzanni 4:12 da Romawa 10:13-15 a gefe ɗaya, Romawa 2:12-16, Ayyukan Manzanni 17:30, Luka 12:47-48 da Farawa 18:25 a ɗaya. Sannan malamai. Sifiriyan na Kartaj, wanda aka kashe a 258, ya ce babu ceto a wajen ikkilisiya. Jastin Shahidi a ƙarni na biyu ya ce waɗanda suka yi rayuwa bisa ga Kalma kafin zuwan Almasihu, irin su Sokratis masanin Girka, nasa ne. Majalisar Batikan ta biyu a 1964 ta ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, yana kuma neman Allah da zuciya ɗaya, zai iya samun ceto ta wurin alheri. Kato ya tsaya a kan cewa addinin gargajiya yana nuna akwai Allah amma ba ya ceto. Dante ma ya kasa daidaita abin: ya bar jagoransa Barjil, mawaƙin Roma da ya mutu kafin zuwan Almasihu, a gefen wuta inda babu azaba sai bege marar cika, amma ya sa arna biyu a Sama.

Game da jarirai, Agustin ya ce wanda ya mutu ba baftisma yana ƙarƙashin hukunci mafi sauƙi, malaman baya suka ƙago wani wuri na tsakiya, a 2007 kuma wata hukumar tauhidi ta Batikan ta ce akwai dalilin sa zuciya ga cetonsu. Ikkilisiyoyin da ba su yi wa jarirai baftisma, kamar ECWA da Baftis, sukan kafa hujja da 2 Sama'ila 12:23 da Markus 10:14. A ajin mutum ashirin a ƙauye, da wuya a rasa uwaye da dama da suka binne yaro. Ka fara da ayoyin, tarihin ya zo daga baya, kuma a gajarce.

Doka ɗaya ka kafa tun kafin a buɗe baki: ba a kiran sunan mamaci, ba a yanke wa wani hukunci, ko kaka ne ko maƙwabci ko ɗan'uwan da ya musulunta. In wani ya ce, Malam, to Baba fa, ka ce, Baba yana hannun Mai Shari'ar dukan duniya, ni ba a ba ni littafin ba. Ikkilisiyar Katolika da ta ayyana dubban tsarkaka ba ta taɓa ayyana mutum ɗaya da suna cewa yana wuta ba.

A kashe lasifika a wannan zama, a kuma roƙi matasa kada su ɗauki murya a waya, domin minti ɗaya da aka yanko daga tsakiyar bayani yana iya zama wata magana dabam a kasuwa. Ka nemi fasto ko dattijon ikkilisiya ɗaya da shugabar zumuntar mata su zauna a ciki. Ka lura da wanda ya yi shiru ko ya fita kafin a tashi, a cikin makon kai da dattijon ku je gidansa, in mace ce shugabar mata ta je tare da wata.